Sarrafa Numfashi: Tsakanin Yoga da Anfasu

Malaman yoga sukan fara wa sabon ɗalibi da numfashi, abin da suke kira pranayama, wanda littafin yoga na Patanjali ya ajiye a mataki na huɗu cikin takwas. Darasin farko mai sauƙi ne. A zauna a miƙe baya, a shaƙi iska ta hanci har ciki ya taso, sannan a sake ta sannu a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Baligi yana zaune yakan numfasa sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, ana so ya sauko zuwa wajen 6. Dalilin yana cikin halittar jiki, domin bugun zuciya yakan lafa duk lokacin da ake fitar da iska. A 2001 Luciano Bernardi da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar likitanci ta BMJ, inda suka ga addu'ar carbin Katolika da maimaita kalmomin yoga duk suna saukar da numfashi zuwa kusan wannan adadi.

Wannan ne ya sa nake ganin mutumin Makoda ta ƙasar Kano ba baƙo ba ne a fannin, ko da bai taɓa jin sunan yoga ba. Gardin da ke tilawa da asuba ya san yadda zai tanadi iska don doguwar aya, ya ja madda, ya kai waƙafi ba tare da haki ba. Abin da yake yi ke nan, gajeriyar shaƙa da doguwar fitarwa. Mabiya Ƙadiriyya a ƙasar Kano, ɗarikar da Shehu Nasiru Kabara ya jagoranta har rasuwarsa a 1996, suna da zikirin anfasu, wanda ake yi da numfashi mai ƙarfi a cikin halka, kuma akwai mai jan ragama. Wannan jagorancin ba ƙawa ba ne. Numfashi da sauri yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu su yi sanyi. Haka salon kapalabhati na yoga yake, shi ya sa sabon shiga da ya ɗauko shi daga bidiyon waya ya fara gini daga rufi. Mai ciki da mai hawan jini su ne suka fi cancantar su kauce masa, su kuma guji riƙe numfashi.

Wani zai ce yoga ibadar Hindu ce, kuma ba ƙarya ya yi ba game da asalinta. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008 saboda kalmomin bauta da ke cikinta. Amma jan iska ta hanci da sakin ta a hankali aikin huhu ne, ba ya buƙatar kiran sunan kowa, kamar yadda bai dace a mayar da anfasu motsa jiki ba, tunda mai yinsa Allah yake nema. Wani kuma zai ce manomin da ya yini yana huɗar gero ba ya buƙatar a koya masa numfashi. Aikin gona yana ƙarfafa jiki, gaskiya ne, sai dai ba ya kawo barci ga wanda tunanin kuɗin taki ya hana runtsawa, kuma a hunturu hanci ne ke tace ƙurar da baki zai bari ta wuce. Mai asma dai ya riƙe maganinsa.