Jinjina Ga Masu Shayin Asuba

Duk wanda ya ga ma'aikacin ƙaramar hukuma ya sa hannu a rajistar ofis da ƙarfe takwas a Kusada ko Kankiya, to ya sani akwai wanda ya riga shi tashi. Tun kafin kiran assalatu mai shayi yake hura wuta, ya ɗora tukunya, ya jera burodi da gwangwanayen madara a kan tebur, domin malamin firamare da zai kama hanya daga Mawashi, ko ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, ya samu abin karya kumallo. Da hunturu kuwa, lokacin da hazo ke rufe titin Kano zuwa Katsina, shayin da yake sheƙawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa shi ke warware hannun ɗan acaɓa.

Wasu na cewa teburin mai shayi majalisar gulma ce, a nan ake makara. Da ƙanshin gaskiya, sai dai mai makara ko ba benci zai makara. Abin da masu sukar ke mantawa shi ne littafin bashi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, sukari da madara suka yi tashin gwauron zabi, amma mai shayi bai daina rubuta wa ma'aikaci bashi zuwa ƙarshen wata ba, babu jingina, babu kuɗin ruwa, kuma daga ɗan jarinsa yake yi. Masu raba kyautar kati a Facebook kan sha yabo a kan abin da bai kai wannan ba. Don haka, malam ma'aikaci, ranar da albashi ya shigo a fara biyan mai shayi.