Takardun Turawa da kakanninmu na Birnin Gwari: shaidar da ta ƙirga kawuna ta bar sunaye

Idan kana cikin zaurukan tarihi na mutanen yankinmu a Facebook ko WhatsApp, ka san yadda gardama ke ƙarewa. Wani ya ce kakansa ne ya sari gari kaza, wani ya ce ba haka ba ne, sai na uku ya ɗora hoton wani tsohon shafi na Turanci, ya rubuta a ƙasa cewa magana ta ƙare. Kowa ya yi tsit.

Sau da yawa shafin daga littafin nan ne mai suna Notes on the Tribes, Provinces, Emirates and States of the Northern Provinces of Nigeria, wanda Olive Temple ta tattara daga rahotannin jami'an mulkin mallaka, mijinta Charles Temple ya tace, aka buga a 1919, aka sake bugawa a 1922. Wani lokacin kuma rahoton kimanta haraji ne daga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

Ni ma na sha yin tsit ɗin nan. Shakka ta fara shiga raina ne sa'ad da na tashi neman kakan mahaifina. A gidanmu abu uku ake faɗa a kansa: ya yi wankin zinariya a Tsohuwar Birnin Gwari kafin yaƙin Hitila, ya yi mata biyu, kuma yana da gona a wani wuri da yanzu ke cikin gandun daji. Sana'a, iyali, ƙasa. Zo mu ɗora takardun a kan ma'auni mu ga abin da za su iya faɗa a kan kowanne.

Fara da tambayar da ake yi wa kowace na'ura

A ɗakin gwaje-gwaje, kafin ka yarda da sakamako sai ka tambaya: me aka ƙera na'urar nan ta auna? Ma'aunin zafi ba zai gaya maka nauyi ba, kuma ba laifinsa ba ne. To, rahoton Di'o na'ura ce da aka ƙera don amsa tambaya guda: nawa za a iya karɓa daga wannan gunduma ba tare da jama'a sun gudu ba?

Saboda haka abin da yake ƙirgawa shi ne gidaje, maza baligai, mata, yara, shanu, awaki, jakuna, sai ƙiyasin dawar da gona ke bayarwa da kuɗin da maƙeri ko masaƙi ke samu a shekara. Sunayen da ke fitowa na sarki ne, da hakimi, da dagatai, da jerin sarakunan da suka gabata. Jerin sunayen masu biyan haraji aikin mai unguwa ne da dagaci da malamin haraji, a can ƙasa yake zama. Abin da ke hawa zuwa ofishin Razdan jimla ce.

Kuma ka tuna wanda ake ƙirgawa ya san dalilin ƙirgar. Magidanci ya san kowane saurayi da aka rubuta kuɗi ne zai fita. Bafulatani ya san kowace saniya jangali ce. Har zuwa 1979, lokacin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, ɓoye kai daga mai littafi dabara ce ta zaman duniya. Ke nan kuskuren da ke cikin alƙaluman ba ya faɗawa ko'ina da ko'ina, gefe guda yake karkata, wajen ragi. Irin wannan kuskure ba ya gyaruwa don ka tara rahoto goma ka ɗauki matsakaici.

Sannan akwai tafinta. Baturen ya yi tambaya da Turanci ko da Hausarsa ta koyo, masinja ya juya ta, a fadar sarki ko gaban hakimi, sannan dattijon Bagwari ko Bakamuke ya ba da amsar da yake ganin ba za ta jawo masa fitina ba. Abin da ya isa littafin Temple ya ratsa baki uku ko huɗu kafin ya taɓa takarda. Wato shi ma labarin baka ne, sai dai ya samu tawada.

Ban ce a jefar da littafin ba. A wurare da yawa shi ne rubutu mafi tsufa da ya ambaci sunan wani ƙauye, ko hanyar fatake, ko wanda ke biya wa wa gandu. Wanda ya faɗa wa Bature labari a 1912 ya ga ƙarni na 19 da idonsa, mu kuwa ba mu gani ba. Wannan daraja ce babba. Amma shaida ne guda ɗaya, ba alƙali ba.

Sana'a: zinariya tana da lissafi, mai wanke ta ba shi da suna

Bayan Ingila ta bar ɗaure kuɗinta da zinariya a 1931, farashin zinariya ya tashi, masu nema suka bazu a lardunan Neja, Zariya da Sakkwato. Duwatsun Birnin Gwari na cikin wuraren da aka haƙa, kuma har yau masana ilimin ƙasa suna nazarin jijiyoyin zinariyar Tsohuwar Birnin Gwari da Kwaga. Ke nan labarin gidanmu ya zauna daidai da zamaninsa.

Amma me takardun ma'adinai ke riƙewa? Sunan mai lasisi, iyakar filinsa, nauyin zinariyar da ya samu, kuɗin da ya biya gwamnati, da adadin leburorin da ke hannunsa. Kakan mahaifina, in ma yana ciki, yana cikin wannan adadin ne. Leburan da zai samu suna a fayil shi ne wanda rami ya rufta da shi, ko aka kama shi da satar zinariya, ko ya ja gaba a rikicin lada.

Nan ne ya kamata ka tuna da Abraham Wald, masanin lissafin da ya yi nazarin jiragen yaƙin Amurka a yaƙin duniya na biyu. Ana duba ramukan harsashi a jikin jiragen da suka dawo, shi kuwa ya nuna cewa lissafin bai cika ba sai an sa waɗanda ba su dawo ba. Haka fayil yake. Wanda ya fara rubuta tarihin talakan Birnin Gwari daga sunayen da ke fayil kaɗai zai ɗauka kakanninmu duk masu laifi ne da masu tsautsayi. Mutumin da ya yi aikinsa, ya biya harajinsa, ya mutu a ɗakinsa, bai bar sawu ba.

Iyali: ina matan suke?

Yi wannan ɗan lissafin. Iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, kakannin kakanni 16. Takwas daga cikin 16 ɗin nan mata ne, kuma a matsakaici kowane ɗayansu ya ba ka kusan kashi 6 cikin 100 na ƙwayoyin halittarka. Salsalar da muke alfahari da ita, wane ɗan wane ɗan wane, zare ɗaya take bi cikin 16. Takardun Turawa sun ƙara ƙuntata zaren, domin mai biyan haraji namiji ne, mai sarauta namiji ne.

Kada ka kwatanta mu da Ingila. Can ƙidaya tana rubuta sunan kowane mutum a gida, a rufe takardun shekara 100 sannan a buɗe, shi ya sa aka saki ta 1921 a Janairun 2022. A Amurka shekara 72 ake jira, ta 1950 ta fito a Afrilun 2022. A Arewa kuwa, ƙidayar 1911, 1921 da 1931 galibi daga littattafan haraji aka ciro su, kuma ko ta 1952 abin da aka buga jimloli ne. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Najeriya ta 1992 ce. Wanda ya shiga manhajar neman asali ta Turawa yana neman kakarsa ta Kuyello ko Randagi, kuɗin data kawai zai ƙona.

Inda mata suke fitowa da sunansu shi ne littafin kotun alƙali: ƙarar aure, saki, mayar da sadaki, rabon gado, riƙon maraya. A ganina rabon gado ya fi kowane rahoton Di'o amfani ga mai neman iyalinsa, domin alƙali ba zai raba ba sai an lissafa matan mamaci da 'ya'yansa, maza da mata, da abin da ya bari. Wahalarsa ita ce tsofaffin littattafan da Larabci ko ajami suke, kuma ba duka ne suka tsira daga gara da ɗigon ruwa ba.

Akwai kuma abin da ba mu so a taɓo. Yankin nan ya sha hare-haren kamun bayi a ƙarni na 19, musamman daga Kwantagora a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Tsakanin nan kotuna sun yi ta rubuta sunayen waɗanda suka fanshi kansu ko aka 'yanta, kuma mata suna da yawa a ciki. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun yi amfani da irin waɗannan takardu a littafinsu na 1993. Ma'ana, mai tono zai iya tarar da kakarsa a jerin waɗanda aka fansa, ko kakansa a matsayin ubangida. Kafin ka tona, ka yanke shawarar abin da za ka yi da abin da ka samu. Kuma asirin gidan wani da ka ci karo da shi a shafi ɗaya da naka, ba naka ba ne balle ka ɗora a intanet. Har gobe ana fasa aure a kan irin wannan magana.

Suna da shekaru: tarko biyu

A ce ka yi sa'a ka ga suna. Yaya za ka san shi ne? Mutum ɗaya yana da sunan yanka, yana da laƙabin da uwa ke kiransa da shi saboda alkunya, yana da na sana'a. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba. Muhammadu na iya zama Mamman a hannun wani akawu. Soja da lebura kuma sau da yawa sunan gari ake liƙa musu, wani lokaci ma garin da aka ɗauke su aiki. Duba jerin sunayen sojojin Afirka ta Yamma da suka mutu a yaƙin Bama, za ka ga Kano da Zariya da Sakkwato sun zama sunan uba.

Shekaru kuma ƙiyasi ne. Masana ƙidaya sun daɗe da sanin cewa inda ba a rubuta ranar haihuwa, shekarun mutane suna taruwa a kan lambobin da suka ƙare da 0 ko 5, har akwai ma'aunin Whipple da ake gwada hakan da shi. In takarda ta ce 40, karanta ta a matsayin wani abu tsakanin 35 da 45. Ƙa'idar da nake bi: suna kaɗai ba hujja ba ne, sai abu uku sun haɗu, kamar sunan uba, unguwa da sana'a.

Ƙasa: inda takarda ta fi ƙarfi

A kan gonar ce takardu suka fi ba ni abin kamawa. Dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e a 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120. Ƙa'idar keɓe gandu a wancan zamani ita ce a bayyana iyaka da koguna da duwatsu da hanyoyi, a kuma lissafa haƙƙin da aka bar wa ƙauyukan kewaye, kamar bin hanya, ɗibar ruwa ko tsintar 'ya'yan itace. Ba za ka ga sunan kakanka ba, amma kana iya ganin sunan ƙauyensa, ko da yanzu ya zama kufai. Ga iyalan da rikicin 'yan bindiga ya tasa daga garuruwansu a shekarun nan, tsohuwar takardar da ta ambaci ƙauye da sunansa ba abin wasa ba ce ranar da za a koma ana gardamar iyaka.

Ka kuma lura da adireshi. A farkon mulkin Turawa ana lissafa Birnin Gwari a Lardin Neja ne, daga baya ta koma Lardin Zariya a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, ba ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Wanda ya tsaya a fayilolin Zariya kaɗai zai rasa na farkon zamani, ya ce babu. Ka nemi na lardunan biyu, ka leƙa Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, yake kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a yanzu.

To, me ya rage?

Ban samu sunan kakan mahaifina ba. Abin da na samu shi ne duniyar da ya rayu a ciki: dalilin da ya sa saurayi zai bar gona ya tafi wankin zinariya, harajin da ke binsa, da shekarar da dajin ya zama na hukuma. Sunayen matansa biyu, da garin da aka auro kowacce, daga bakin gwaggon babana na ji su, tana tsinke zogale a tsakar gida. Da na tambaye ta shekarar auren, sai ta ce, "Ɗan nan, wa ya san shekara? Bayan fara ne dai." Kuma an yi babbar annobar fara a Arewa a farkon shekarun 1930, takardun Turawa cike suke da labarinta. Ka ga inda baki da takarda suka haɗu, kowanne ya riƙe wa ɗan'uwansa fitila.

Shawarata gare ka ita ce ka juya tsarin. Fayil ɗin Kaduna zai iya jiranka zuwa baɗi, tsohuwar gidanku ba lallai ba ne. Ɗauki wayarka a makon nan, ka nemi izininta, ka naɗi muryarta. Tambaye ta sunan yanka da laƙabi, sunan uwa da garin uwa, sana'ar rani da ta damina, da abin da ya faru a shekarar kowace haihuwa. Buɗe tsohuwar adaka ka ɗauki hoton rasiɗin haraji, takardar sallamar soja, da abin da wani malami ya rubuta a bangon littafinsa. Ka tura wa 'yan uwa biyu ko uku, kada ya zauna a waya ɗaya.

Sannan in wani ya sake ɗora shafin Temple ya ce magana ta ƙare, ka tambaye shi cikin ladabi: wa ya faɗa wa Baturen, a gaban wa, kuma me Baturen yake nema a ranar?