Tsohuwar Kyamara da Dodon Hoto: Sharhi a kan Sha'awar Tara Akwatunan Ɗaukar Hoto

Tun da wayar hannu ta zama abin ɗaukar hoton kowa, sai tsohuwar kyamara mai cin fim ta koma cikin adaka. Amma cikin 'yan shekarun nan sha'awarta ta farfaɗo a Turai da Amurka da Japan, har ta iso waɗansu biranen Nijeriya. Ana neman Rolleiflex da Yashica da Pentax, waɗansu don su jera su cikin kabad, waɗansu kuwa don su sa musu fim su yi aiki da su. Kamfanin Kodak, wanda ya daɗe yana riƙe da kasuwar fim, ya bayyana karayar arziki a 2012, amma duk da haka sai ga sabuwar kyamarar fim ta Pentax ta fito a 2024. Nufin wannan takarda shi ne a auna hujjojin masu wannan sha'awa, a ga wacce ke da nauyi, wacce kuma ba ta da shi, musamman ga mai nazarin rayuwar Hausawa.

Rigasa ta isa misali. Babbar unguwa ce a yammacin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Igabi, wadda aka fi sani yanzu da tashar jirgin ƙasan Abuja da aka buɗe a 2016. A unguwa irin wannan, kafin zuwan waya, da fim a ke ɗaukar hoton biki da na suna da na salla, da na fasfon mai niyyar Hajji. Wannan sana'a ta bar abu biyu: kyamarorin da tsofaffin masu hoto suka jingine, da kuma dodon hoto, watau bakin fim ɗin nan da fari ke fitowa baƙi a jikinsa, wanda daga gare shi a ke wanko hoton takarda. Masu tarawa sun fi kula da na farko. Hujjojinsu kuwa uku ne.

Hujja ta farko

Su kan ce fim ya fi na'urar zamani gaskiya, domin haske da kansa ne ke taɓa gishirin azurfar da ke jikinsa, ya bar alama. Yadda fim ke aiki ke nan, babu musu. Amma batun gaskiya yana bukatar a sake dubawa. Fim mai launi na tsakiyar ƙarni na 20 an daidaita shi ne bisa farar fata. Masu wanki a Amurka su kan gwada injinansu da wani kati mai hoton Baturiya, wanda a ke kira katin Shirley, in fuskarta ta fito daidai sai a ce launi ya yi. Saboda haka baƙin mutum ya kan fito fuskarsa a dushe. Wanda ya duba tsofaffin hotunan biki masu launi zai ga farar shadda tana walƙiya, amma sai an ƙura ido kafin a gane mai ita. Gwanayen masu hoto na ƙasar nan da dabara suka riƙa gyara wannan aibi, su ƙara wa fim haske, ko su kai mutum inuwa mai sauƙi. Ashe ke nan abin yabon gwanintar mai hoto ce, ba ta fim ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi.

Hujja ta biyu

Su kan ce tsohuwar kyamara tana koya wa mutum natsuwa. A nan sun yi gaskiya, har ma ba su faɗi rabinta ba. Fim mai lamba 120 hoto 12 kaɗai ya ke ɗauka a Rolleiflex, ƙaramin fim mai faɗin milimita 35 kuwa ba ya wuce 36 bisa al'ada. Kowane latsi kuɗi ne, ba kuwa a ganin abin da ya fito sai an yi wanki. Don haka dole mai hoto ya gyara zaman rawani da kwanciyar hannun riga tun kafin ya latsa.

Akwai kuma wani abu da ya shafi ƙirar akwatin kansa. Rolleiflex, wadda aka fara sayarwa a Jamus a 1929, da Yashica ta Japan da ta bi ƙirarta, idanu biyu gare su, ɗaya bisa ɗaya. Ba a kara su a fuska. A kan riƙe su wajen ciki, a sunkuyar da kai a duba wani gilashi da ke samansu. Wannan ya haifar da abu biyu. Na ɗaya, da ya ke idon kyamara yana ƙasa, wanda a ke ɗauka ya kan fito da tsawo da kwarjini, babbar riga ta cika hoton. Na biyu, mai hoto ba ya zuba wa mutum ido, kansa a sunkuye ya ke kamar mai gaisuwa. A ƙasar da kunya ke hana yaro kallon babba cikin ido, ta kuma hana amarya ɗaga kai gaban baƙo, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Sakin fuskar da a ke gani cikin yawancin hotunan da aka ɗauka da irin wannan akwati yana da nasaba da haka. Malamin da ya sa ɗalibansa suka riƙe ta sau ɗaya ya koya musu karatun tsohon hoto fiye da abin da lacca za ta koyar, gani ya kori ji.

Sai dai mai son aiki da ita a Kaduna ya san akwai wahala. Ƙurar hunturu tana shiga cikin ƙarafunta, laimar damina kuma tana sa gansakuka ta tsiro cikin gilashi ta ci shi. Waɗansu kyamarori batir mai zaiba su ke bukata don auna haske, an kuwa daina yinsa, don haka wadda ke aiki da ƙarfe zalla ta fi amfani. Ruwan wankin fim baƙi da fari kuma an fi so ya tsaya wajen awo 20 na ma'aunin zafi, abin da ruwan famfo ba ya yi da bazara. Kyamarar da aka kulle cikin kabad ba a motsa ta, man da ke cikinta ya kan daskare, ta lalace a zaune.

Hujja ta uku

Su kan ce tara kyamarori adana tarihi ne. A nan ne kuskuren ya fi girma, domin an bar jaki ana dukan taiki. An ƙera Yashica dubu bisa dubu, wadda ke Rigasa ba ta da bambanci da wadda ke Tokyo. In ta ɓace, akwai 'yar'uwarta. Amma dodon hoton wani biki da aka yi a Rigasa guda ɗaya ne tak a duniya.

Misali biyu sun isa shaida. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, ya yi ta ɗaukar mutanen gari, ya kuma adana dodannin hotunansa dubbai. A 1991 aka nuna kaɗan daga hotunansa a birnin New York ba tare da sunansa ba, aka rubuta cewa ba a san mai su ba. Da aka bi sawu aka same shi, abin da ya ɗaukaka shi a duniya shi ne waɗannan dodanni da ya ɓoye, ba akwatin da ya yi aiki da shi ba. Misali na biyu ya fi kusa da gida. Adamu Halilu ya mai da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976. Shekaru da yawa ana zaton fim ɗin ya salwanta, sai a 2016 aka gano dodonsa cikin ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Da kyamarar aka tsinta, dodon ya ruɓe, da babu abin da za a kalla.

Ya kamata kuma a lura da wane ne tarihi ya riga ya kula da shi. Hawan dabar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956 ba ya cikin haɗarin mantuwa, gwamnati da jaridu sun ɗauke shi ta kowace fuska. Sarakuna da ministoci suna da masu ajiye hotunansu. Wanda ba shi da mai ajiya shi ne tela da direba da malamin allo da amaryar unguwa. Hotunansu ne kuwa ke nuna yadda ɗinkin riga da ɗaurin kallabi da jeren ɗaki suka yi ta sauyawa, abin da takardun hukuma ba su rubuta ba. Dodon hoto ba ya jure zafi da laima. In ya fara warin tsami, ya kama hanyar lalacewa ke nan, ba a kuwa iya mai da shi yadda ya ke.

Hukunci

Sha'awar tsohuwar kyamara ba abin zargi ba ce, in an yi aiki da ita tana gyara ido. Amma wanda ya sayi akwati daga hannun tsohon mai hoto, ya bar kwalin dodanni a ƙarƙashin gado, ya ɗauki kube ya bar takobi. Abin da ya dace da sassan nazarin Hausa da kwalejojin horon malamai shi ne su tura ɗalibai wajen waɗannan dattawa tun suna da rai, a nemi izninsu da na iyalan da ke cikin hotunan, domin ba kowane gida ne zai so a baje fuskar matansa ba. Sa'an nan a kwafi abin da aka yarda, a rubuta suna da wuri da shekara, a kai ma'ajiya irin ta Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Rubuta sunan nan shi ne ya fi gaggawa, gama hoton da ba a san mai shi ba kamar ruwaya ce marar isnadi, masu iya faɗin sunayen kuwa tsofaffi ne.