Littafin Karin Magana a Ƙasar Auduga

A cikin littattafan Tsohon Alkawari, da wuya a sami wanda masu wa'azi suka fi tsinkar ayoyinsa kamar Littafin Karin Magana. Fassarar Hausa ta 1932 ta kira shi Misalai, ta 1979 kuwa ta ba shi sunan da aka fi saninsa da shi yanzu. Ana ɗaukar aya guda a yi wa yaro faɗa da ita, a rufe littafin. Wannan tsinka tana ɓoye ginin littafin, gama yana da harsashi ɗaya, wato tsoron Ubangiji. Da shi aka buɗe a sura 1 aya 7, aka maimaita shi a 9:10, da shi kuma aka rufe a 31:30, inda ake yabon macen kirki. Wanda ya cire wannan harsashi, abin da ya rage masa dabarun zaman duniya ne kawai, irin waɗanda kowace al'umma take da su.

Littafin kansa bai ɓoye cewa tarin magana ba ne. Akwai na Sulemanu, da waɗanda mutanen sarki Hezekiya suka kwafa (25:1), da na Agur, da na Lemuwel wanda mahaifiyarsa ta koya masa. Tun daga 1923, sa'ad da aka buga wani tsohon rubutun Masar mai suna Koyarwar Amenemofe, masana suka ga kamarsa da sashen da ya fara daga 22:17. Wannan bai rage darajar littafin ba. Ya nuna cewa masu hikimar Isra'ila sun ɗebi ruwa a rijiyar maƙwabta, suka tace shi da tsoron Ubangiji. Bamundange ko Batufuri mai bi, wanda ya gaji karin maganar kakanninsa, yana da izinin yin haka nan.

Kaele, babban garin Mayo-Kani a arewacin Kamaru, wuri ne da ya dace a gwada littafin. Mishan na Lutheran Brethren daga Amurka sun soma aiki a Lere ta ƙasar Cadi wajen 1920, aikin ya yaɗu zuwa Kamaru. Ikilisiyar da ta fito daga ciki tana da hedkwata a Garwa, da makarantar tauhidi a Kaele. Ƙaramin Katekisim da Martin Luther ya rubuta a 1529 yana bayyana Dokoki Goma ta wurin haɗa tsoron Allah da ƙaunarsa, doka bayan doka. Saboda haka ɗan baftisma a wannan ikilisiya ya riga ya ji cewa tsoron nan ba irin na ɓarawo a gaban alƙali ba ne. Girmamawa ce ta ɗa ga ubansa, wanda kunyar ɓata masa rai take hana shi mugunta ko da babu mai gani.

Ƙarfin littafin shi ne yadda yake sauko da wannan tsoro daga ɗakin sujada zuwa kasuwa. Sau huɗu yana maganar ma'auni (11:1, 16:11, 20:10, 20:23), yana cewa Ubangiji da kansa yana ƙyamar na algus. Yana hana kawar da iyakar gona, musamman ta marayu (23:10), yana kuma zana hoton mashayi dalla-dalla (23:29-35). A ƙasar da ake auna auduga a kan sikeli, ake gardama a kan filin masakwa, ake kuma dafa burkutu ran kasuwa, waɗannan ayoyi ba sa bukatar dogon bayani. Manomin da ya yayyafa wa audugarsa ruwa domin ta ƙara nauyi, da ma'aunin da ya danne ƙwayar sikeli, littafin ya sa su a layi ɗaya.

Akwai kuwa inda mai karatu zai yi tuntuɓe. Littafin yana gargaɗi sau da yawa a kan tsaya wa wani lamuni (6:1-5, 11:15, 22:26-27). Amma noman auduga a arewacin Kamaru, ƙarƙashin kamfanin SODECOTON da aka kafa a 1974, ya daɗe yana tafiya a kan bashin taki da maganin feshi, inda manoma suke tsaya wa juna ƙungiya ƙungiya, a cire bashin lokacin sayarwa. Ashe mai bi zai fita daga ƙungiyar ke nan? Wanda ya karanta karin magana kamar doka haka zai ce. Amma littafin ya ajiye ayoyi biyu kusa da juna a 26:4-5, ɗaya ta hana amsa wa wawa, ɗaya ta ce a amsa masa, domin a gane cewa karin magana tana bukatar mai sanin lokacinta. Gargaɗin lamuni yana koya wa mutum ya san wanda yake ɗaura hannu da shi. Tsoron Ubangiji kuma yana hana shi sayar da takin bashi a kasuwa, ya bar wa 'yan'uwansa nauyin biya.

Tuntuɓe na biyu ya fi zafi. Wasu ayoyi suna haɗa tsoron Ubangiji da tsawon rai, da arziki, da daraja (10:27, 22:4). Masu wa'azin wadata sun mai da su takardar alkawari. To, me za a faɗa wa gwauruwa mai aminci wadda fāri ya cinye gonarta? Me za a faɗa wa masu bi na Mayo-Canaga da Mayo-Sava, waɗanda hare-haren Boko Haram suka raba da gidajensu tun daga 2014? Idan an karanta ayoyin nan su kaɗai, za su zama bulala a bayan wanda ya riga ya faɗi. A nan littafin yana bukatar abokan tafiyarsa. Ayuba ya yi tsoron Allah, ya kuwa rasa kome, duk da haka a 28:28 an komo ga harsashin nan. Mai Hadishi ya ga adali yana hallaka cikin adalcinsa, ya kuma rufe da tsoron Allah a 12:13. Karin Magana ma ta gyara kanta: 15:16 ta fifita abu kaɗan tare da tsoron Ubangiji bisa dukiya mai yawa da wahala, Agur kuma ya roƙi kada a ba shi talauci ko arziki, sai abincin da zai ishe shi (30:7-9).

Ribar da littafin yake bayarwa ba tare da sharaɗi ba ita ce 'yanci daga sauran tsoro. Sura 29 aya 25 ta kwatanta tsoron mutum da tarko. Mai bi da yake fargabar maita, ko fushin dangi, ko idon mai muƙami, zai tuna da Shifra da Fuwa, ungozoman nan na Fitowa sura 1, waɗanda suka ƙi umarnin Fir'auna domin sun fi jin tsoron Allah.

Saboda haka ya kamata fastoci da masu bishara su daina tsinkar littafin, su koyar da shi daga farko zuwa ƙarshe. Surori 31 ne, sun yi daidai da kwanakin wata. Iyalin da suka karanta sura guda kowace safiya, da Ayuba a gefe, za su fita gona da kasuwa suna sane da wanda yake duban ma'auninsu.