Shin Al'ada Kaɗai Ke da Laifi?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ma'aikatan likita da manyan gwamnati a ƙasar Nijar. Duk sa'ad da mace ta rasu wurin haihuwa, ko aka kawo yaro rai a hannun Allah, sai a ce ai jahilci ne da al'ada, mutanen ƙauye ba su zuwa likita sai abu ya ɓaci. Har cikin ikkilisiya akan ji masu maimaita ta. Ya kamata a ɗora wannan magana bisa ma'auni, gama wanda ya kuskure gane ciwo, zai kuskure ba da magani.

Da fari dai, akwai gaskiya a cikinta. Yarinya mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, kunya kuwa ta hana ta faɗa cewa naƙuda ta taso. Ungozoma da tsofaffi su yi ta ba ta jiƙe-jiƙe kwana biyu ko uku, in abin ya ƙi, a wasu wurare har a yi mata yankan gishiri. Sau da yawa kuma miji ya tafi cin rani Kano ko Abijan, ba mai ikon fita da ita ba da izininsa ba. A ƙasar da ake aurar da kimanin 'yan mata uku cikin huɗu kafin su cika shekara 18, ba abin mamaki ba ne da aka buɗe asibiti musamman domin masu yoyon fitsari a Danja, kusa da Maraɗi, a 2012. Wanda ya ce waɗannan al'adu ba su da illa, bai taɓa zama bakin gadon irin waɗannan mata ba.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu wannan magana sukan manta da tarihin kuɗin magani. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka amince majinyaci ya riƙa biyan wani abu, a yi amfani da kuɗin wurin sake sayo magunguna. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, magungunan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. A cikin waɗannan shekaru ne biyan kuɗi a gidajen likita ya game ƙasar. Manomin da ba ya ganin kuɗi sai bayan kaka, ɗansa kuwa zazzaɓi ya kama shi tsakiyar damina lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa, ina zai nufa? Sai wurin boka, wanda zai karɓi kaza ko ya jira kaka, ko wurin masu tallar ƙwayoyi a kasuwa. Wannan lissafin talauci ne aka laƙaba masa sunan jahilci.

Abin da ya faru daga baya shi ne babbar shaida. A zamanin Shugaba Tandja Mamadu aka gina ƙananan ɗakunan magani a ƙauyuka. A 2005 aka soke kuɗin aikin fiɗa na cire jariri, a 2006 kuma aka ce awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Nan da nan iyaye mata suka cika gidajen likita da goyonsu. Matan nan su ne dai na jiya, al'adarsu ba ta sāke a dare ɗaya ba. Tsakanin 1998 da 2009 mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ragu daga 226 zuwa 128 cikin kowane 1,000, da taimakon wannan tsari, da gidan sauro, da kula da masu tamowa. Ashe da ma ƙofa ce a rufe.

Sa'an nan tsarin kyautar kansa ya sami tasa matsala. Gwamnati ta yi alkawarin mayar wa gidajen likita kuɗin da suka kashe, amma a shekarun da suka biyo baya biyan ya riƙa jinkiri na watanni, wani lokaci har shekaru. Magani ya ƙare a kanta, uwa ta yi tafiyar yini a amalanken jaki, a miƙa mata takarda ta je ta saya a waje. Fiɗa kyauta ce, amma man motar da za ta kai mai naƙuda babban asibiti yakan faɗa wuyan danginta. In aka ƙara da tsawar da wasu ma'aikata ke yi wa 'yar ƙauye, ba wuya a gane dalilin da ya sa gobe za ta zauna gida. Basamariyen nan na Luka sura 10 bai bar majinyacinsa da alkawari kaɗai ba. Ya fara biyan dinari biyu, kana ya ɗauki nauyin sauran. Mai cewa kyauta, sai ya fara biya.

Saboda haka maganar ta faɗi rabin gaskiya, ta ɓoye rabin da ya shafi masu faɗinta. Masu bi kuwa kada su fake da laifin hukuma, ko su ce ai akwai asibitin Galmi da mishan ta kafa tun 1950, shi ke nan. Akwai abin da ke hannun kowace ikkilisiya. Magidanci mai shirin tafiya cin rani ya bar izini a gaban dattawa, cewa in naƙuda ta zo a kai matarsa likita ba jira. Zumuntar mata ta ajiye asusu domin kuɗin mota. Iyaye su bar 'ya'yansu mata su girma kafin aure. Masu bi da ke aikin likita su karɓi 'yar ƙauye da fuskar rahama. Wanda ya yi waɗannan, shi ke da bakin tambayar hukuma inda kuɗin magani ya tsaya.