An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ƙotar Katako da Saitin Bindigar Farauta

Duk mai bibiyar mujallun farauta na Amurka ya san hukuncin da yawancinsu suka yanke tuntuni: wai bindiga mai sakata, in dai ƙotarta ta katako ce, ta ado ce, a rataye ta a falo; wanda ke son harsashi ya sauka inda ya auna, ya sayi mai ƙotar roba. Hujjarsu ɗaya ce, kuma ba ƙarya ba ce: katako yana shan danshi. Mu da ƙyauren ɗaki ke kumbure mana da damina har sai an sa kafaɗa, da hunturu kuma ya tsuke iska na shigowa ta gefensa, ba sai Bature ya koya mana wannan ba. Inda suka kai maganar ne ban yarda da shi ba.

Tarihin gajere ne. Paul Mauser ya kammala sakatarsa a Jamus a 1898, kuma kusan duk bindigar farauta mai sakata da ta biyo baya jikarta ce. Winchester 70 ta fito a 1936, Remington 700 a 1962, dukkansu da ƙotar itacen walnat. Da irin wannan ƙotar W.D.M. Bell ya farauci giwaye a Karamoja ta Yuganda, Jim Corbett kuma ya bi damisoshi masu cin mutane a tsaunukan Kumaon na Indiya. Hatta "Mak-fo" da tsofaffin 'yan sandanmu suka saɓa, wato Lee-Enfield, katako ne ke riƙe da ita. Sunan katako ya ɓaci ne a Biyetnam. Sojojin kundumbalar ruwa na Amurka sun karɓi bindigar M40 a 1966, ƙotarta ta murɗe a danshin daji, sai a shekarun 1970 suka koma ƙotar zaren gilashi ta Gale McMillan. Tun daga nan ake kafa hujja da wannan labari. Ba a cika tunawa ba cewa a wannan dajin ne maharbin soja Carlos Hathcock ya yi suna da Winchester 70 mai ƙotar katako.

Masu suka suna cakuɗa abu biyu. Akwai taruwar harsasai, wato in ka harba biyar a jere, yaya kusancinsu da juna. Akwai kuma tsayuwar saiti, wato ko inda suka taru yau nan za su taru bayan wata uku. Danshi ba ruwansa da na farko, domin katako ba ya kumbura tsakanin harbi da harbi. Na biyun ne kawai yake taɓawa, shi ma sai an bar masa hanya. Hanyar kuwa ita ce wurin da ƙarfe ke zama a kan ƙota, kuma a nan ne duk sirrin yake.

A dubi yadda aka haɗa bindigar. Akwai uwar ƙarfe, inda sakata ke kai da komo. A jikinta aka ɗaura bututu. Noti biyu ne galibi ke ɗaure uwar da ƙota, sannan wani haƙorin ƙarfe a ƙarƙashi yana shiga rami a cikin katako, shi ke karɓar tokarin harbi ya miƙa shi ga kafaɗa. Da harsashi ya tashi, bututun yana karkarwa kamar tsirkiyar baka. Karkarwar ba laifi ba ce, muddin iri ɗaya ce kullum, harsashi ya bar baki a daidai lokaci ɗaya na kaɗawar. Abin da ke ɓata harbi shi ne wani abu ya taɓa bututun yau da ƙarfi, gobe a hankali. Lissafin ma mai sauƙi ne: bututu mai tsawon santimita 60, in gaban ƙota ya tura bakinsa kashi ɗaya cikin goma na milimita, harsashi zai kauce da kusan santimita 1.7 a mita 100, santimita 5 a mita 300. Kaurin takarda ke nan fa.

Maganin da maƙeran bindiga suka samo tun kafin roba ta cika kasuwa ya fi burge ni fiye da kowace sabuwar ƙota. Da farko sai su rarake hanyar bututu a cikin katakon, har a iya zura takardar kuɗi a ja ta daga gaba zuwa kusa da uwa ba ta maƙale ba. Yanzu gaban ƙota ya kumbura ko ya tsuke, bututu bai sani ba. Sannan su ɗan ƙwaƙule inda uwar ke zama da ramin haƙorin nan, su shafa wa ƙarfen kaki, wasu ma man takalmi marar launi suke shafawa, su cika wurin da gam ɗin efoksi, ɗan'uwan Araldite da kafintocinmu suka sani, su kwantar da ƙarfen a ciki ya kwana. Da safe in an ɗaga, gam ya ɗauki siffar ƙarfen tsaf, har da tabon da injin ya bari. Ƙarfe ya samu shimfiɗa wadda ta shi kaɗai ce. Na uku, kuma wannan shi ne ƙarshen gardama a wurina: su sa ƙananan ginshiƙai na alminiyam a ramukan notin, ta yadda in an ɗaure, ƙarfe ne ke matse ƙarfe. Dā can, katako ne a tsakani, rani ya zo ya tsuke noti ya yi sako-sako, damina ta zo ya kumbura ya tanƙwara uwar. Da ginshiƙai wannan ya ƙare. Abin da ya rage shi ne a toshe cikin katakon, wanda masana'antu kan bari tsirara: hanyar bututu, ƙarƙashin tafin kafaɗa, duk inda jijiyar itace ta buɗe baki. Ta nan ruwa ke shiga, ba ta wajen da aka goge yana sheƙi ba.

Zaɓen itacen kansa ilimi ne. Katako kusan ba ya motsi ta tsawonsa, ta faɗi yake motsi, kuma yadda aka tsaga gungumen shi ke nuna ko zai murɗe. Masassaƙin da ya san aikinsa yana neman jijiya miƙaƙƙiya a gaba da wajen riƙo, ya bar mai kyan zane ta koma baya wajen kafaɗa, inda ba ta cutar da kowa, kuma ba ya taɓa itacen da bai yi shekaru yana bushewa ba. Mai sassaƙa ƙotar gatari a ƙauye ya san wannan. Jamusawa ma tun ƙarshen shekarun 1930 suka riƙa manna siraran falankai suna yi wa bindigarsu K98k ƙota, wadda da wuya ta murɗe, kuma katako ce.

To ita robar fa? Kalmar ta rufe abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. Ƙotar McMillan, ko ta H-S Precision mai ƙashin alminiyam a ciki wadda sojojin Amurka suka sa wa bindigar M24 a 1988, aiki ne na gaske, kuma ba ta da araha. Mafarauci da zai yi mako guda ruwa na dukansa a Alaska, ita ya kamata ya ɗauka, ban musa ba. Amma wadda ke kan yawancin bindigogi masu araha narkakkiyar roba ce da aka tura cikin zubi, kamar bokiti. Kama gabanta ka matsa da yatsa biyu, za ka ga ta taɓa bututu. Ɗora ta a kan dutse, ko ja maratayi da ƙarfi, saiti ya tafi. Rana ta buɗe kuma ta ƙara laushi. Katako yakan ɗauki makonni kafin ya motsa, wannan kuwa a hannunka take motsawa. Masu cewa ta fi sauƙin ɗauka su ɗora a sikeli, sau da yawa bambancin bai taka kara ya karya ba.

Ni a ganina, ba saiti ne ya kori walnat daga kanti ba, lissafin masana'anta ne. Itace mai kyau sai an jira shi, an zaɓa, an zubar da wani, an biya mai hannu ya zaunar da ƙarfe ya yi zanen riƙo. Injin zubi yana fitar da ƙota cikin 'yan mintoci, duk iri ɗaya. Sai aka ɗauki nasarar ƙotar roba mai tsada aka lulluɓe mai araha da ita, aka sayar wa jama'a ragin kuɗi da sunan ci gaba. Da haka aikin zaunar da ƙarfe, wanda shi ne ainihin sana'ar, ya fita daga bakin masu talla, domin ba a iya ɗaukar hotonsa.

Kuma kada a manta me ake harbi. Ƙirjin barewa ko gada wuri ne mai faɗin tafin hannu ko fiye, yawancin harbin farauta kuma bai wuce mita 200 ba. Bindigar da ke tara harsasai cikin santimita 3 a mita 100 ta wadatar, ƙotar katakon da aka zaunar da kyau kuwa tana yin haka rani da damina. Don haka in wani ya miƙo maka bindiga yana yabon ƙotarta, ko ta itace ce ko ta roba, ciro takardar kuɗi ka zura ƙarƙashin bututun tukuna.