Me Za Mu Miƙa Wa Yaro? Sharhi Kan Wasu Sababbin Ƙagaggun Labarai

Kwanakin baya wani bawan Allah mai sayar da albasa a kasuwar da ke kusa da makarantarmu ya tare ni, domin ya ji an ce Hausa nake nazari. Buƙatarsa biyu ce: littafin da uwargidansa za ta karanta, da kuma wanda zai ba 'yarsa mai shekara 11, wadda aka haifa a nan kudu, yana tsoron kada Hausarta ta tsaya a ta ciniki da gaisuwa. Ta farko na amsa masa nan take. A ta biyun kuwa sai na shiga kame-kame, kuma wannan kame-kamen ne musabbabin wannan ɗan sharhi.

A ɓangaren manya, abin da na fi ƙarfafa wa mai karatu ya nema shi ne gajerun labaran gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta. "Sansani" na Aisha Muhammad Sabitu, wanda ya zo na ɗaya a shekarar farko, ya ɗauki rayuwar 'yan gudun hijirar rikicin Boko Haram ya mai da ita jigo. A 2020 Maryam Umar ta yi nasara da "Rai da Cuta", labarin mace mai juna biyu wadda mijinta ya ƙaryata cutar korona har ya shafa mata. A 2022 kuma kambin ya tsallaka Jamhuriyar Nijar, inda Amira Souley ta ɗauke shi da "Garar Biki". Abin da ya burge ni game da waɗannan labarai shi ne yadda ƙa'idar taƙaita kalmomi ta yi wa marubutan linzami. Duk wanda ya saba da littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano ya san cutarsu: shafi uku wajen siffanta leshi da falo da motar Alhaji kafin tauraruwa ta buɗe baki. A nan babu filin wannan. Sai dai linzamin yana da nasa aibi, don sau da yawa akan ji an ja labari da gudu zuwa ga darasi, a rufe shi da wa'azi tun mai karatu bai gama sanin taurarin ba.

Wanda ke son dogon numfashi, ya nemi Mace Mutum na Rahma Abdulmajid, wanda ya tunkari batun bauta da matsayin 'ya mace a gidan sarauta ba tare da rufa-rufa ba. In kuwa bai taɓa karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ba, to da shi ya kamata ya fara, ko da yake tun 1990 ya fito. Har yau ina ganin mayar da Rabi gidan Alhaji Abdu, bayan ya kore ta da 'ya'ya tara kuma ta tsaya da ƙafarta, shi ne ƙarshe mafi ɗaci kuma mafi gaskiya a cikin littattafan wancan zamani. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012, saboda haka abokan karatunmu da ba su jin Hausa ba su da uzuri.

To, sai yara. Ba za a ce ba a yi komai ba. Daga 2016 an shigar da jerin littattafan Mu Karanta! a makarantun firamare na jihohin Bauchi da Sakkwato, domin 'yan aji 1 zuwa 3, kuma sun kyautata wajen bin harafi zuwa gaɓa zuwa kalma. Akwai kuma taskar African Storybook, wadda wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu ta kafa a intanet, inda ake samun labarai masu hotuna cikin Hausa kyauta, uba ya buɗe a wayarsa ko ya buga a takarda. Ina ba da shawarar a yi amfani da su, amma a zaɓa, domin da yawansu fassara ce, kuma a wasu kunnen Bahaushe yana jin tsarin jimlar baƙon harshe a ƙarƙashin kalmomin.

Matsalar ita ce duk waɗannan na mai koyon karatu ne. Yaron da ya riga ya iya, ɗan shekara 9 zuwa 14, wanda ke neman labarin da zai hana shi barci, shi ne marayan adabinmu na yau. Abin mamaki, magabata ba su manta da shi ba. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930 domin 'yan makaranta, ya kuma san cewa sai an ja yaro da dabara, shi ya sa ya ɗora aku yana riƙe Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita. Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin Rashawa ya yi masa riga da wando na Hausa a Iliya Ɗan Maiƙarfi. A 1969, shekarar da mutum ya taka wata, Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya. Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni. Waɗannan duk sun samu ne saboda akwai hukuma ko kamfanin ɗab'i da ke da tabbacin makarantu za su saya. Da marubuta suka koma buga littafi da kuɗin aljihunsu daga tsakiyar shekarun 1980, dole suka bi mai saye, mai saye kuwa budurwa ce ko matar aure, ba ɗan firamare ba. Yanzu da labaran suka koma WhatsApp da Wattpad, lissafin bai canja ba. Sakamakon haka yarinya takan tashi daga littafin koyon baƙi ta faɗa kai tsaye cikin labarin kishiya da ke wayar mahaifiyarta, babu matakala a tsakani.

Ina ganin ɗalibanmu masu aiko da labarai wannan mujalla, waɗanda kusan dukkansu soyayya suke rubutawa, suna barin gona mai albarka ba shuka. Yaron Sabo ta Ibadan ko na Agege, mai harshe uku a baki, wanda ke bin tirelar shanu da ido yana tunanin inda ta fito, tauraro ne da ya isa a gina littafi a kansa.

Shi dai mai albasa, tsofaffin na ara masa, na ce a fara da na Umaru Dembo. Bayan mako biyu ya dawo da shi, bangon ya sha hannu, ya ce yarinyar ta gama, kuma tana tambaya ko akwai wani irinsa wanda mace ce ta tafi sama. Na miƙa masa Iliya Ɗan Maiƙarfi, na ce ta yi haƙuri da wannan tukuna.